Furen Reluwe a Gonar Aro

Ruwan bana ya yi jinkiri. Har watan biyar ya kama, hadari yana haɗuwa ta wajen dutsen Kagoro da la'asar, ya yi baƙi ƙirin, sai iska ta zo ta watsa shi. Ranar Talatar da ta wuce ina zaune a ƙofar sito, sai ga matar ɗana ta sauko daga babur riƙe da baƙaƙen ledoji biyu, kowace da ɗan tsiro a ciki. Ta ce a bakin titi ta saya wajen masu furanni, za ta dasa a gaban gida. Tun kafin ta ƙaraso na ji warinsa. Ganye mai kaushi kamar harshen kyanwa, fure ƙanana a dunƙule, wani rawaya, wani ja-ja. Na ce ta ajiye a kan siminti, kada ta bari ya taɓa ƙasa, ta zauna in gaya mata abin da ta sayo. Abin da na gaya mata ne nake rubutawa a nan, har da wanda ban gaya mata ba.

Turawan jirgi suna kiransa lantana. Mu a Kafanchan furen reluwe muke ce masa, domin a kwatas ɗin manyan ma'aikata muka fara ganinsa, an yi shinge da shi, an aske shi daidai kamar bango. Ni ne na fitar da shi daga kwatas na kai shi ƙauye. Ban taɓa musun wannan ba, kuma ba yau zan fara ba.

Mahaifina, Audu, lebura ne a reluwe. Da ƙarfinsa ya fara raguwa sai ya roƙi gona a wani ƙauye bayan gadar jirgi, tafiyar awa ɗaya a keke. Mai ƙasar wani dattijo ne, Baba Didam, mutumin coci, mai magana a hankali. Wurin da ya ba shi duk tsakuwa ne da duwatsu. Mahaifina ya kwashe su da hannu ya tara a iyaka, har wurin ya zama gona. Da ya rasu na ci gaba da nomawa, ina kuma sayen citta a ƙauyukan nan ina kawowa tasha. Da keke ɗaya da buhu biyu na fara. Ban kai talatin ba na yi rumfa tawa a kusa da tasha, kuma manoman wajen ba sa kai cittarsu wa kowa sai ni, domin suna ganina a gona kamar yadda nake ganinsu.

Aron gona a ƙasar nan yana da doka ɗaya da ta fi sauran. Ka shuka abin da za ka girbe ka tafi da shi, amma kada ka dasa abin da zai tsaya. Wanda ya dasa mangwaro a gonar aro ya ce ƙasar tasa ce ke nan, ko bai buɗe baki ba. Na san dokar tun ina yaro. Sai dai awaki sun dame ni, shingen kara kuma gara take cinyewa kowace shekara. Na je wajen tsohon gadinan da ke kula da furannin kwatas, ya yanko mini rassa dami guda, na kafa su kewaye da gona. Damina ɗaya suka kama.

Baba Didam ya tsaya a bakin shingen wata safiya, ya tsinki ganye ya shinshina.

"Sale, wannan itace ne ko ciyawa?"

"Fure ne, Baba. Na ado. Awaki ba sa cin sa."

"Abin da akuya ya ƙi, kai ka kawo shi gona?" Ya yi dariya ya wuce. Ni ma na yi dariya.

Sai shekarar da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira, shekarar fari. Mu nan kudu ba mu saba da rashin ruwa ba. An yi ruwa biyu masu kyau, kowa ya fita ya kafce, sai sama ta rufe. Rana takan fito fara fat tun hantsi, ƙasa ta yi zafi har ba a iya taka ta ba takalmi. Rafin da muke wanka ya koma kududdufai masu kore a sama. Jirgin da ke zuwa daga arewa yana sauke mutane da tabarmi da tukwane, ba su san kowa a garin ba. Fulani kuma sun gangaro da shanu fiye da yadda muka taɓa gani, suka share ciyawar daji har ƙasa.

Wanda bai noma citta ba ba zai gane abin da rashin ciyawa yake nufi ba. Citta ba ta son rana a kanta kafin ta tsiro. Idan ka binne iri, dole ka rufe gonar gaba ɗaya da ciyawa ko ganye, ya yi kauri, ya riƙe laima. Idan ba ka rufe ba, irin ya dahu a ƙasa. Yanzu ana sayo ciyawar rufi a mota. A lokacin mata da maza ne suke shiga daji su ɗauko a kai, kuma a shekarar nan sai su yi tafiyar rabin yini su dawo da abin da bai rufe tabarma biyu ba.

Ni kuwa ga shingena kore shar, ya fi ni tsawo, farin bai taɓa shi ba. Na dube shi da idon ɗan kasuwa, na ce ga rufi a bakin gona kyauta. Na sa adda na sassare shi na shimfiɗa a kan cittata. Rassan suna ɗauke da 'ya'ya, ƙanana baƙaƙe kamar idon kifi. Na gan su sarai, ban kawo komai a raina ba.

Bulus, ɗan Baba Didam, sa'ana ne, tare muka yi wasa a rafi. Ya zo ya tarar da ni ina shimfiɗawa.

"Dillali, har ganye ma ka fi mu wayo?"

"Ɗebi mana. Ko sai na auna maka a sikeli?"

Ya ɗiba. Ƙanin Baba Didam, wanda ake kira Saja domin ya yi soja ya dawo bayan yaƙi, ya aiko matansa suka ɗiba. Wata gwauruwa mai gona a gefen rafi ita ma ta ɗiba. Gonaki huɗu ke nan da tawa. Cittarmu ta tsiro a shekarar da ta mutane da yawa ta mutu a ƙasa, har ana nuna ni a kasuwa ana cewa ga mai dabara. Da muna cire ciyawa mun ga wasu ƙananan tsiro masu kaushin ganye, muka tsinke kansu muka wuce. Da rani aka sa wa gonaki wuta kamar yadda aka saba.

Daminar da ta biyo ruwa ya dawo sosai. Ba a maimaita citta a wuri ɗaya, don haka duk mu huɗu acca muka watsa. Acca ba a shiga cikinta da fartanya. Kafin mu ankara furen ya taso daga ƙarƙashi, kowane gindin da wuta ta lasa ya fito da rassa biyar ko shida, suka haye kan acca suka sarƙe da juna. Ranar yanka matan Saja sun shiga da lauje suka fito hannuwansu duk jini. Abin da aka samu a gonarsa bai cika rabin abin da ya saba samu ba, ga rumbuna babu komai tun farin bara. A gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya. Yara suka fara kiran tsiron ƙayar Sale, manya suka karɓa.

Aka kira ni gidan Baba Didam ranar Lahadi bayan an taso daga coci. Dattawa biyar a kan benci, ni a kan turmi. Saja ne ya yi magana, a tsaye.

"Yaya, tun farko na gaya maka. Wannan ba fure ba ne, tuta ne. Ya kafa a gonarka, ka yi shiru. Yanzu itacensa yana tsaye a gona huɗu. Gobe yaransa za su zo su ce, wa ya dasa wannan? Babanmu. To ƙasan wa ke nan?"

Na ce, "Baba Saja, matanka ne suka zo suka ɗiba da hannunsu."

"Ka gaya masu yana da 'ya'ya?"

"Ban gaya masu ba. Ni ma ban san abin da zai yi ba."

"Dillali bai san kayansa ba." Wasu suka yi dariya.

Kowa a wurin ya san Saja yana da 'ya'ya maza huɗu da gona ɗaya, kuma gonata tana manne da tasa, babu dutse ko ɗaya a cikinta. Amma maganarsa ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, shi ya sa ta yi nauyi.

Baba Didam ya dube ni. Sannan ya ce, "Sale, ubanka mutum ne mai kirki. Amma doka ka taka shi. Ka kwashe abin da ya rage maka, ka bar gonan."

Ban shirya abin da zan faɗa ba. Na ji bakina yana cewa, "Ba zan bari ba, Baba."

Na ɗaga kai na ci gaba.

"Ƙasa taka ce, ban ce tawa ba ce, kuma ba zan taɓa cewa ba. Amma ba zan fita a matsayin ɓarawon ƙasa ba. Ni na kawo abin nan, ni zan fitar da shi, daga gonaki huɗun duka, har da shingen. Ka ba ni lokaci."

Saja ya ce, "Idan aka samu ko guda ɗaya fa?"

"In tafi."

"Kun ji da kunnenku. Ko guda ɗaya. Kuma babu gayya. Wanda ya kama masa, shi ma ya taka doka."

Baba Didam ya sa ranar: Litinin da ke bayan Lahadin godiyar girbi. Wata biyu ke nan da 'yan kwanaki.

A tasha abokan sana'a suka ce na haukace. Lokacin ne ake zagaya ƙauyuka ana kama bakin manoma kafin a fara haƙar citta, ni kuma zan je in yi kokawa da ƙaya a ƙasar wani. Wani ya ce, "Kai ɗan kasuwa ne, gona ta mece ce? Bar masu kayansu." Ba zan ce son gonar mahaifina kaɗai ya riƙe ni ba, ko da yake yana ciki. Na san idan aka kore ni a kan na so cin ƙasa, labarin zai riga ni isa kowane ƙauye har Zonkwa, kuma babu wanda zai sake buɗe mini rumbunsa. Matata Hajara ta faɗe shi a gajarce. Ta ce, "Malam, idan ka bar gonar nan, rumfar ma ka bar ta. Ina addar take?"

Kafin in fara na koma wajen tsohon gadina na gaya masa. Ya yi dariya har ya riƙe ciki.

"Bature ya ajiye mu mutum uku ba don komai ba sai aske abin nan duk sati, kada ya yi 'ya'ya. Kai ka sake shi a daji?"

"Baba, yadda ake kashe shi nake tambaya."

Ya ce adda ba ta kashe shi, wuta kuma abincinsa ce. Ransa yana cikin wani ƙulli a ƙarƙashin ƙasa, inda rassa suke haɗuwa da saiwa. Sai an fitar da ƙullin ɗungurungum, kuma ba ya fita sai ƙasa tana da laima. Idan aka jefar da shi a kan ƙasa zai sake kamawa, don haka a kife shi a kan dutse, saiwa tana duban rana. Da na ji haka na gane ranar Baba Didam ba ita ce ranata ba. Ranata ita ce ranar da ruwa zai ɗauke, kuma bai fi saura wata ɗaya ba.

Kwana biyu da fara aikin aka ga watan azumi.

Ga yadda yinin yake tafiya. Bayan asuba in hau keke, Hajara a baya riƙe da adda da diga. Mu isa raɓa ba ta bushe ba. In sare rassan in bar kamu ɗaya a sama don in sami abin riƙewa, in haƙa kewaye da gindin, in sa diga a ƙarƙashi in danna, sannan in kama in girgiza har in ji ya saki. Wani ƙullin kamar dunƙulen hannu, wani kamar kan akuya. Hajara tana bina a baya a durƙushe, tana tsince ƙananan da hannu, tana jan manyan zuwa falalen dutsen da ake shanya citta. Ƙayarsa ba ta da tsawo, amma a lanƙwashe take, tana kama fata ta ja. Ganyen kuma yana sa ƙaiƙayi, gumi ya shiga ciki ya yi ta zafi. Warin nan ya shiga tufafinmu, ya shiga gashinmu, har a tuwo nake jin sa.

Da gonar gwauruwa na fara, domin ita ba ta da mai tsaya mata. Sai ta Saja, don kada ya ce na bar tasa da gangan.

Yunwar ba ta azumi kaɗai ba ce. Dawa ta yi wuya a kasuwa, sabuwa kuma ba ta nuna ba. Da kunu tsararo muke buɗe baki, sai dafaffen gwaza ko kwaɗon rama, shi ne kuma sahur idan ya ragu. Wajen azahar idona yakan riƙa ganin ƙananan taurari. Ranar da ta fi wuya ita ce ranar da ruwa ya sauko da tsakar rana. Ba na tsayawa, domin lokacin ne gindi yake fita da sauƙi. Ruwa yana dukan bayana, yana gangarowa ta goshi ya bi ta kan leɓena, mai sanyi, ni kuwa maƙogwarona kamar an zuba toka. In datse baki in sunkuyar da kai in ci gaba da haƙa. Malamin unguwarmu ya ce mai aikin wahala irin wannan yana iya sha ya rama. Ban sha ba. Ba don na fi kowa tsoron Allah ba. Saja yana zaune a ƙarƙashin ɗorawar iyaka kusan kullum yana kallona, kuma ban so ya ga na rusuna wa komai ba.

Bulus ba shi da izinin kama mini, amma babu wanda ya hana shi magana. Yakan zo ya tsuguna a kan duwatsun iyaka.

"Dillali, nawa ne buhun ƙaya yau?"

"Ya tashi. Gonarka ce ta fi kowace bayarwa."

"Ka bar mini biyu na ado."

"Zan dasa maka a ƙofar ɗaki, matarka ta huta da yawonka."

A sati na uku bakin digata ya karye a jikin dutse. Maƙeri ya ce sai bayan kwana huɗu. Kwana huɗu na laima ba abin da zan iya bayarwa ba ne. Washegari Bulus ya zo da tasa digar a kafaɗa, ya yi surutunsa, ya tashi ya tafi ya bar ta a jingine. Saja ya ƙwala masa kira ya ce ya manta kayansa. Bulus bai juyo ba, ya ce, "Baba, tsufa ne yake damuna, gobe zan tuna." Bai tuna ba sai bayan wata biyu.

Ranar jajibirin salla na gama gona ta uku, ta Bulus. Na yi idi hannuwana a kumbure, ban iya dunƙule su ba. Kwana uku bayan salla ruwa ya ɗauke, kuma saura tawa gonar da shingen, uwar abin gaba ɗaya, gindinsa ya shekara huɗu a ƙasa. Cikin sati ɗaya ƙasa ta ƙeƙashe, diga tana tsalle tana dawowa. Rassan suna karyewa su bar ƙullin a ciki. A nan ne na zauna a kan dutse wata rana na kasa tashi. Hajara ta ajiye adda. Ta ɗauki tulu ta gangara rafi, ta dawo ta juye a gindi ɗaya, ta koma. Haka muka yi sauran shingen: ta jiƙa gindi goma da yamma, in haƙe su da safe. Ban san sau nawa ta hau gangaren nan ba. Gashin tsakiyar kanta ya zube a wurin gammo, bai sake fitowa sosai ba har ta rasu.

Da tarin ya bushe na ƙone shi a kan dutsen. Sannan muka bi gonakin huɗu a durƙushe, layi-layi, sau biyu.

Ranar Litinin ɗin suka zo da hantsi: Baba Didam da sandarsa, dattawa, Bulus, da Saja cikin tsohon takalminsa na soja. Suka bi gonar gwauruwa, babu. Ta Saja da ta Bulus, babu. Tawa, babu, sai ramuka a jere inda shinge yake da. Dattawa suka fara gyaɗa kai. Saja bai bi su ba. Ya tafi kai tsaye ƙarƙashin ɗorawar iyaka inda yake zama, ya ture busassun ganye da ƙafa, ya tsuguna.

"Yaya, zo ka gani."

Tsiro ne bai kai tsawon yatsa ba, ganye huɗu. Babu shakka shi ne. Na san ya gan shi tun kwanaki ya rufe shi da ganye yana jira. Ban faɗa ba, domin ba ni da shaida, kuma ko na faɗa tsiron yana nan.

"Ko guda ɗaya, haka ya ce da bakinsa. Oda oda ne."

Na matsa na duba. A kewaye da tsiron duk kashin tsuntsaye ne, fari-fari, da ƙananan ƙwayoyi a ciki. Na ɗaga kai na dubi rassan ɗorawar. A nan na fahimci abin da ban fahimta ba duk wata biyun nan. Ba a taɓa shimfiɗa rufi a ƙarƙashin bishiyar nan ba. Tsuntsaye sun shekara huɗu suna cin 'ya'yan shingena suna kai su inda suka ga dama.

Na ce, "Gaskiya ne, haka na ce, kuma ba zan janye ba. Amma ku dubi wurin da kyau. Wannan tsuntsu ne ya kawo shi. Akwai irinsa a ƙarƙashin kowace bishiya daga nan har rafi, yana jiran ruwan farko. Baɗi zai fito, baɗin baɗi zai fito. Laifina ne, ban ɗora wa tsuntsu ba. Idan ina nan, duk shekara ni zan bi gonaki huɗun nan in cire shi tun yana ƙarami, ba sai an aiko ba. Idan na tafi, na wanda ya karɓa ne."

Na sauke digar daga kafaɗata. Ƙotarta ta yi baƙi da gumi da jini. Na miƙa wa Saja da hannu biyu, kamar yadda ake miƙa wa babba abu.

"Baba Saja, ga ta. Gona da abin da ke cikinta. Ana farawa da ruwan farko, kuma kada a sa wuta."

Ya dubi digar. Ya dubi hannuwana, waɗanda ya yi wata biyu yana kallon abin da ya same su. Ya dubi tarin tokar da ke kan dutse, wanda ya kai ƙugun mutum. Hannunsa bai motsa daga bayansa ba.

"Yara za su yi," in ji shi.

Bulus ya ce, "Waɗanne yara, Baba? Waɗanda suka gudu ranar yankan acca?"

Ban sauke hannu ba. Digar tana da nauyi, amma na rantse a raina ba ni zan fara gajiya ba. Baba Didam ya bar mu a haka har sai da kowa ya gani da idonsa. Sannan ya sunkuya da ƙyar, ya sa yatsu biyu ya tumɓuke tsiron har saiwa, ya ɗora shi a kan dutsen iyaka, saiwar tana sama.

"Ni ban ga komai a ƙasa ba," in ji shi. "Sale, sauke hannunka. Ka cike ramukan nan kafin akuyan wani ya karya ƙafa."

A ranar na fara cike su.